Majalisar 'Yan Kwamfuta a Mararaba: Inda Ake Warware Abin da Ya Gagari Ofis

Duk ma'aikacin da ke wuni a Sakatariyar Tarayya ya kwana a Mararaba ya san cewa ranarsa kashi uku ce: kashin ofis, kashin barci, da kashin hanya. Daga shataletalen AYA a gangara Kugbo, a ratsa Nyanya a tsallaka iyakar Nasarawa, tafiya ce da ba ta wuce ta rabin sa'a ba idan titi a sake yake, amma da yamma takan cinye sa'a biyu, wani lokaci har da ɗoriya. A takarda Mararaba tana ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa. A zahiri kuwa ɗakin kwanan Abuja ce. Tun da gwamnati ta tare a sabon babban birni ranar 12 ga Disamba 1991, tsadar haya take koro ƙananan ma'aikata zuwa wannan gefe, rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 kuma ya ƙara tura jama'a har zuwa Ado da Masaka.

A cikin waɗanda wannan hanya take kwasa da asuba ta dawo da su bayan magariba akwai mutanen da aikin gwamnati na yau ya rataya a wuyansu, ko da yake ba a cika jin sunansu ba. Su ne masu kula da kwamfutocin ma'aikatu, da akawun sashen albashi, da masu shigar da bayanai, da 'yan bautar ƙasa da aka tura sashen fasaha, da hadiman 'yan majalisa waɗanda ke riƙe da wayar Yallaɓai da kalmomin sirrinsa. Idan suka sauka daga mota, da yawansu ba sa wucewa gida kai tsaye. Sukan yada zango a teburin mai shayi, ko a bencin da ke gaban shagon mai gyaran waya, su tarar da mai POS da mai tura fina-finai sun riga su zama. Nan ake buɗe hira.

Wannan zama ba shi da suna, ba shi da shugaba, babu mai rubuta abin da aka tattauna. Bai yi kama da tarukan fasaha da ake shiryawa a manyan otal-otal na Maitama ba, inda ake rataya kati a wuya a saurari jawabin babban baƙo. Majalisa ce irin wadda Bahaushe ya gada, sai dai maimakon farashin taki da labarin sarauta, zancen manhaja ake yi, da fim, da abin da wani ya tsinto a intanet. Hausa ce harshen zaman, ko da yake mazauna bencin sun haɗa da Bagwari da Eggon da Tibi da Ibo, kuma buroka takan kutso kai duk lokacin da gardama ta yi zafi. Wanda ya saurara da kyau zai gane cewa rabin abin da ake dariya a kansa a nan shi ne abin da ke hana wani albashinsa a can.

Sifilin da ke ɓacewa

Babu labarin da ya fi yawan dawowa kamar na sifili. Lambar asusun banki a Najeriya lamba 10 ce, da yawa kuma da sifili suke farawa. Lambar waya 11 ce, ita ma da sifili take farawa. Manhajar Excel, wadda kusan kowane ofishin gwamnati ya dogara da ita wajen jera sunayen ma'aikata, tana ɗaukar duk abin da aka rubuta da alƙaluma a matsayin adadin lissafi, a lissafi kuwa sifilin farko ba shi da amfani, don haka sai ta share shi ba tare da ta tambayi kowa ba. Asusu mai lamba 10 ya koma mai 9. A tura jadawali banki, kuɗin alawus ya dawo, mai shi ya yi ta zarya tsakanin ofishin kuɗi da banki, kowa yana rantsuwa cewa ba daga wurinsa ba ne. Kuma duka gaskiya suke faɗa.

Maganin ba shi da wuya, a majalisar ma kyauta ake bayar da shi: kafin a zuba lambobin, a sanar da manhajar cewa wannan layi rubutu ne ba lissafi ba, ko kuma a sa ɗan waƙafin sama a gaban lambar. Amma tsofaffin hannu sukan ƙara gargaɗi biyu. Na farko, idan aka adana jadawalin a tsarin CSV, wanda shi ne yawancin shafukan biyan kuɗi suke karɓa, sannan wani ya sake buɗe shi don ya duba, sifilin zai sake gudu. Na biyu, manhajar ba ta riƙe fiye da alƙaluma 15 daidai, saboda haka doguwar lamba mai 16, irin ta katin cirar kuɗi, ƙarshenta yakan koma sifili. Wato a gaba tana cire sifilin da ake buƙata, a baya tana liƙa wanda ba a nema ba.

Daga nan sai zancen kwanan wata. Mu a nan rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, kwamfutoci da yawa kuma da saitin Amurka suke isowa ofis, babu wanda ya damu ya canza. Sai 03/04/1990 ta zama 3 ga Afrilu a teburin wannan, ta zama 4 ga Maris a teburin wancan. Ga wanda ba ma'aikaci ba wannan ƙaramin abu ne. Ga ma'aikacin da dokar aiki ta ce zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wanda ya riga zuwa, ranar haihuwa da ranar ɗaukar aiki su ne ginshiƙin fayil ɗinsa. Saɓani a cikinsu yana iya jawo takardar tuhuma kan canza shekaru ga mutumin da bai taɓa canza komai ba.

Idan wani ya fara cewa wannan sakacin Najeriya ne kawai, akwai mai ba shi amsa da labarin Ingila. A watan Oktoba 2020, ana tsakiyar annobar korona, hukumar lafiyar ƙasar ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu ya salwanta daga ƙididdiga, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. A shekarar ce kuma masana ƙwayoyin halitta suka haƙura suka canza wa wasu ƙwayoyin gado suna, domin manhajar tana ganin MARCH1 sai ta mayar da shi 1 ga Maris. Masana suka sauya sunan abin da Allah Ya halitta saboda manhaja ta ƙi sauya halinta. Sai a 2023 kamfanin Microsoft ya samar da maɓallin kashe wannan shisshigi. Wannan labari yana sanyaya zuciyar akawun Mararaba ƙwarai, ko da yake bai taɓa dawo wa kowa da alawus ɗinsa ba.

Sunan da kwamfuta ba ta sani ba

Abin mamaki shi ne ɗan waƙafin saman da ke ceton sifili shi ne ke jefa sunayenmu cikin matsala. Sa'adatu, Mu'azu, Shu'aibu, Rabi'u, Isma'ila, Asma'u: duk suna ɗauke da alamar da ke wakiltar hamza ko ainun na Larabci. A harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wannan alama ita ce ke nuna farko da ƙarshen rubutu, don haka manhajar da ba a gina ta da kula ba takan ɗauka sunan ya ƙare a “Sa”, ta rikice. Maimakon a gyara manhajar, magina da yawa sukan zaɓi hanya mai sauƙi, su hana alamar shiga gaba ɗaya. Sai Sa'adatu ta zama Saadatu a banki, Sa adatu a katin ɗan ƙasa, Sadatu a takardar albashi. Mutanen Ailan masu suna irin O'Brien sun daɗe suna wannan kuka, amma su aƙalla ba a ce musu su je kotu su yi rantsuwa cewa su ne su ba.

Nan ne hirar takan daina zama ta dariya. Ma'aikacin tarayya na yau yana da rajista a wurare da dama: tsarin albashi na IPPIS da aka fara a 2007, lambar BVN da Babban Banki ya ƙaddamar a 2014, lambar NIN wadda aka wajabta haɗa ta da layin waya tun Disamba 2020, ga asusun fansho, ga fasfo. Kowace rajista an yi ta a shekara daban, a hannun magatakarda daban, kowanne da yadda yake rubuta Muhammad. Akwai Mohammed, akwai Muhammed, akwai Mohd. Muddin rumbunan nan ba su san juna ba, babu wanda ya damu. Da aka fara haɗa su, sai harafi ɗaya ya zama katanga. Mutum ba ya ganin kwamfuta tana tuhumarsa, sai dai ya ga wata ya ƙare babu alat.

Akwai kuma abin da ya fi harafi zurfi. Fam ɗin da muke cikewa an tsara shi ne bisa al'adar Turawa, inda kowane gida yake da sunan dangi guda da ake gada kaka da kakanni. Bahaushe ba haka yake ba. Sunansa ne, sai na mahaifinsa, wani lokaci sai na garinsu, kamar yadda aka san Shehu Shagari da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Balewa da sunayen garuruwa. Idan fam ya ce a rubuta sunan dangi, yau mutum ya sa na uba, gobe na kaka, jibi na gari, kuma bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Mace kuwa a al'ada ba ta ajiye sunan mahaifinta don ta yi aure, amma wani magatakarda zai sa mata na miji ba tare da ya tambaye ta ba. Haka nan dattawan da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, aka bi su da 1 ga Janairu, har ranar ta zama kamar ranar haihuwar rabin tsofaffin ƙasar.

Shawarar da ake bayarwa a bencin ita ce wadda ya kamata a ce ofisoshi ne suke bayarwa: mutum ya ɗauki rana guda ya jera takardunsa duka, ya zaɓi rubutun suna ɗaya da jerin suna ɗaya, ya bi sauran ya daidaita su tun yana kan aiki. Wanda ya bari sai ya zo karɓar fansho, ko ya bar wa magada wannan aiki, ya bar musu wahalar da ta fi rabon gado.

A ra'ayina, laifin da ake ɗora wa IPPIS kashi biyu ne, kuma ba a cika raba su ba. Tsarin ya zo ne don toshe ɓarakar ma'aikatan bogi, wannan kuwa manufa ce da babu mai gardama a kanta. Amma an gina shi bisa zaton cewa duk ma'aikata iri ɗaya ne, abin da ƙungiyar ASUU ta shafe shekaru tana ja da shi har ta fito da nata tsarin mai suna UTAS, kafin Majalisar Zartarwa ta amince a Disamba 2023 a cire manyan makarantu daga ciki. Wancan rikicin manya ne. Na ƙananan ma'aikata shi ne rashin ƙofar da za a ƙwanƙwasa idan harafi ya kauce. Shi ya sa mutum yake kawo kukansa wurin mai shayi, domin a can ne zai haɗu da wanda ya san wanda ya san teburin da fayil ɗin yake.

Haruffa masu ƙugiya ma suna da nasu babin. Tun shekarun 1930 aka tsayar da ƙ da ɗ da ɓ a rubutun boko, amma har yau allon rubutu na yawancin kwamfutocin ofis bai san da su ba. Idan aka cire ƙugiya, ƙasa ta zama kasa, baƙi ya zama baki, ƙura ta zama kura, kafa da ƙafa su haɗe. Mai karatu yakan gane daga mahallin magana, amma na'urar bincike ba ta da wannan basira, don haka wanda ya nemi Ɗanbatta ba lallai ya samu abin da aka adana da Dambatta ba. Masu gyaran waya suna da wani sirri da ke ba mutane mamaki: saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai ƙugiya ko guda ɗaya, wayar takan koma wani tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, sai saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ma haka. Wato wanda ya rubuta Hausa daidai shi ake caja ƙari.

Sai kalmar da ta fi kowace yawo a ƙasar nan, wato “babu netwok”. A majalisar ba a yarda da ita haka nan, sai an tambaya wane netwok ɗin: na waya, na banki, na shafin da ke karɓar kuɗi, ko kuwa janareton ofis ne ba mai? Sun san ranar da maganar ta kasance gaskiya tsantsa, 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. Mai POS kuma ba ya mance farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya, manhajojin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, ana cire kuɗi a asusun mai saye ba su isa ga mai sayarwa ba.

Daga manhaja zuwa fim

Ba a sanar da canjin zance. Wani ne zai miƙa wa mai tura fina-finai wayarsa ya ce a sa masa sabon kashi, shi ke nan an koma Kannywood. Wannan sana'a ta tura fim ita kanta tarihi ce. Daga kaset ɗin bidiyo na zamanin Turmin Danya a 1990, zuwa faifan CD da kasuwar Ƙofar Wambai ta yi tashe da shi, zuwa katin waya da manhajar Xender, kowane sauyi ya kashe wata sana'a ya haifi wata. Yau fina-finai masu dogon zango su ne ke riƙe da masana'antar: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina a tashar Arewa24, Izzar So a YouTube. Amma tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairu 2025, kallon awa guda kai tsaye ya zama abin lissafi ga mai ƙaramin albashi, don haka mai tura fim bai rasa ciniki ba. Shi yake sauke fim sau ɗaya, unguwa guda ta kalla.

A nan gardama takan tashi, kuma gardama ce mai ma'ana. Wanda ya san yadda YouTube yake biya zai ce duk wanda ya karɓi fim ta wannan hanya ya hana mai shirin kuɗinsa, domin kallon da aka yi a shafin ne kaɗai ake ƙirgawa. Mai shago zai ce shi ne ya sa aka san fim ɗin a lungun da data ba ta isa. Na fi karkata ga na farko, amma ba zan iya cewa na biyu bai da hujja ba, musamman ga wanda zai kwashe sa'a biyu a Kugbo inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Ma'aikata sun fi son Kwana Casa'in, don a cikinsa suna ganin fuskokin da suka saba gani a ofis: ɗan siyasa, da 'yan korensa, da ɗan jaridar da ake nema a saya. Hadiman manya kuwa sukan yi murmushi kawai, ba sa cewa komai.

Ana taɓo dakatarwar da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta yi wa fina-finai 22 masu dogon zango a watan Mayu 2025, da tambayar da ta biyo baya, wato ina iyakar ikon hukumar jiha kan abin da aka ɗora a shafin da ke Amurka ake kallonsa a Nasarawa. Ana taɓo naɗin Ali Nuhu a matsayin shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairu 2024, abin da ya mayar da shi abokin aikin mazauna bencin, ko da yake matakin albashi ya bambanta. Akwai kuma abin alfahari da ba kowa ya lura da shi ba. Bayan da aka cire Lionheart daga gasar Oscar a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa, fim ɗin da Najeriya ta tura a shekarar da ta biyo baya, The Milkmaid, yawancinsa da Hausa aka yi, haka ma Mai Martaba da aka tura a 2024. Ƙa'idar da ta kori Turanci ita ta buɗe wa Hausa ƙofa.

Fina-finan Indiya da ake fassarawa, waɗanda kamfanin Algaita ya yi suna a kansu, suna da masoya da masu suka a benci guda. Masu kwamfuta sun fi jin daɗin wani abu daban: yadda ake nuna mai kutse a fim, na Indiya ne ko na Amurka. Ya zauna gaban allo mai koren rubutu, ya buga maɓallai na daƙiƙa goma, ya shiga asusun babban banki. Mutumin da ya wuni yana roƙon na'urar buga takarda ta yarda ta ga kwamfutar da ke kusa da ita ba zai iya kallon wannan bai yi dariya ba. Kutsen gaske, in ji su, ba ya buƙatar koren allo. Kira ne a waya daga wanda ya ce shi ma'aikacin banki ne, yana neman lambar da aka turo maka yanzu.

Tsintuwa

Kashi na ƙarshe na hirar shi ne na “kun ga wannan kuwa?”, inda waya take zagaya hannu. Wani ya samo ƙamusun Bargery na 1934 a intanet, aka shiga neman kalmomin da kakanni suke faɗa waɗanda yara ba su sani ba. Wani ya nuna bidiyon ziyarar Tafawa Balewa a Amurka a 1961, ana jinjina Turancinsa da natsuwarsa. Wani ya buɗe tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth, ana kallon yadda gonaki da filayen Karu suka koma rufin kwano cikin 'yan shekaru. Akwai tsofaffin faifan Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da masu kishi suka ɗora, waɗanda da sai a gidan rediyo ake jin su.

Wasu tsintuwar kuma kayan aiki ne. Rumbun Wayback Machine yana adana tsofaffin shafuka, don haka sanarwar da ta ɓace daga shafin wata ma'aikata bayan an sabunta shi sau da yawa tana nan a can, abin da ya sha raba gardama kan abin da wata tsohuwar takardar umarni ta ce. Shafin bayyana kuɗaɗen baitulmali da aka buɗe a Disamba 2019 yana nuna manyan kuɗaɗen da ma'aikatu suka biya, kuma ba ƙaramin abin kallo ba ne ganin ma'aikaci yana karanta abin da ofishinsa ya kashe daga wayarsa a gaban mai shayi. Fassarar Google, wadda ta fara Hausa a 2013, ita ce abar wasan majalisa: a ba ta karin magana a ga yadda za ta yi da shi. Ta inganta sosai, amma har yanzu habaici yana wuce ta.

Amfani mafi girma na wannan kashi shi ne tantancewa. Duk sanarwar ɗaukar aiki, ko ta ƙarin albashi, ko ta tallafi da ke yawo a waya, sai an kawo ta nan. Abu na farko da ake dubawa shi ne adireshin: na gwamnati da gov.ng yake ƙarewa, wanda ya ƙare da wani abu daban kuma yana neman BVN, an san inda ya dosa. Waɗanda MMM ta cinye wa kuɗi a Disamba 2016 su ne suka fi kowa ɗaga murya lokacin da CBEX ta zo, ko da yake hakan bai hana ta tafiya da kuɗin wasu a Afrilu 2025 ba. Yanzu kuma ga bidiyon da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, inda za a ga fuskar wani babban mutum da muryarsa yana tallar hannun jarin da bai taɓa jin labarinsa ba. Ana koya wa juna duban leɓe da ƙiftawar ido, amma masu gaskiya a cikinsu suna faɗa cewa wannan dabara kwananta ya kusa ƙarewa.

Sai dai majalisar ita ma tana da nata haɗarin, kuma ya kamata manyan sakatarori su san da shi. Taimakon da ake yi a benci yakan bukaci a ga matsalar, ganin matsalar kuma yana nufin buɗe fayil. Jadawalin da sifilinsa ya ɓace yana ɗauke da sunaye da lambobin asusu da ranakun haihuwar ɗaruruwan ma'aikata. Idan aka tura shi wayar aboki don ya gyara, ya fita daga hannun gwamnati ke nan, ba kuma zai dawo ba. Haka wayar Yallaɓai da hadimi ya bari a shagon gyara tare da lambar buɗe ta, haka wasiƙar ofis da ake liƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta gyara Turancinta. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin irin waɗannan bayanai a kan hukumar da ta tattara su, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 kuma tana nan ba a soke ta ba. Masu hankali a majalisar sun san haka, shi ya sa suke cewa a kawo misali da sunayen ƙarya, a koyi gyaran, a je ofis a yi shi da hannu.

Wani giɓin shi ne na mata. Kaso mai yawa na masu shigar da bayanai da sakatarorin ma'aikatu mata ne, su ne kuma suka fi kowa cin karo da sifilin da ya gudu da sunan da ya ƙi shiga. Amma teburin mai shayi da ƙarfe tara na dare ba wurin zamansu ba ne, ga girki da yara suna jira bayan sa'a biyu a hanya. Abin da ya isa gare su daga wannan ilimi yakan biyo ta hannun miji ko ƙane, ko abokin aikin da suka haɗu a motar ma'aikata da safe. Gwamnati tana maganar raba ofisoshi da takarda, ta kuma ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasaha, amma horon da akawu mai mataki na 7 take buƙata bai kai haka tsada ba: awa biyu ne a ɗakin taro na ma'aikatarta, cikin lokacin aiki, da wanda zai nuna mata inda ake canza saitin kwanan wata.